Ruwan Da Gari Ya Zubar, Da Abin Da Ke Sa Ƙasashe Su Koma Gare Shi

An umurce ni in yi muku bayani a kan wani abu wanda bisa ladabi ba a kawo shi gaban manya, watau ƙazamin ruwan da ke fita daga gari: na wanka, da na wanki, da na bayan gida, da wanda masana'antu su ke zubarwa. Ina neman gafara tun da wuri, gama ba yadda za a yi a ba da labarin nan ba a kama sunan abin ba.

Dalilin kawo maganar shi ne, akwai ƙasashe da dama yanzu waɗanda ba su barin ruwan nan ya tafi. Su kan tare shi, su tace, su mai da shi gona ko masana'anta, har waɗansu su mai da shi famfon sha. Wanda ya ji labarin daga nesa ya kan ɗauka wani sabon yayi ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Duk ƙasar da ka ga ta koma ga abin da ta zubar, lalle akwai abin da ya matsa mata, kuma abin da ya matsa wa wannan dabam ya ke da wanda ya matsa wa waccan. Irin matsin kuwa shi ke yanke iyakar tacewar da za a yi, da kuɗin da za a kashe, da wanda za a ba ruwan. Saboda haka kafin mu kwaikwayi maganin wata ƙasa, ya kamata mu san ciwon da ya sa ta sha shi.

Bari mu fara da lissafi, tun da ya ke malamai na nan. Ruwan da a ke kai wa gari ba ya ɓacewa. Abin da a ke sha da wanda a ke dafa abinci da shi kaɗan ne. Injiniyoyi sun saba ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gidaje ya kan sake fitowa ta kwata. In aka ɗebi ruwan kwatar gidaje aka auna, wajen kashi 999 cikin 1,000 ruwa ne zalla, sai dai ɗan kashi ɗayan da ya rage shi ke ɗauke da cuta. To, ga rafi wanda ba ya ƙafewa da rani, kullum kuma ƙaruwa ya ke yi gwargwadon ƙaruwar mutanen gari. Noma kuwa shi ke cinye wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da 'yan Adam su ke ɗiba daga koguna da rijiyoyi a duniya. Gari na neman inda zai zubar, manomi na neman inda zai samu.

Da fari ma wari ne ya kawo abin, ƙishirwa daga baya ta zo. A ƙarni na 19 biranen Turai suka cika da mutane, kogunansu suka ɓaci, har a 1858 warin Kogin Tems ya hana 'yan majalisar Ingila sakat a zaurensu. Barlin da Faris, tun daga shekarun 1870, suka nemi filaye a bayan gari suna malala ruwan kwata a kansu, ƙasa tana tacewa, ana noma ciyawa da kayan lambu. Nufinsu rabuwa da ƙazanta ne, noman ribar ƙafa ce kawai.

Inda wannan hanya ta fi girma, har yau kuwa tana nan, shi ne Meksiko. Babban birnin ƙasar yana cikin wani kwari mai kama da ƙwarya, duwatsu sun kewaye shi, ba kogin da ke fita da ruwa waje, ga shi kuma an gina shi a kan tsohon tafki, sai ambaliya ta riƙa damunsa. A 1900 aka gama haƙa wata babbar magudana da rami ta ƙarƙashin dutse, aka fitar da ruwan birnin, na sama da na kwata a gauraye, zuwa arewa, ya faɗa kwarin Mezquital, ƙasa mai ƙarancin ruwan sama wadda talakawanta ke fama da fatara. Mutanen birni suka ɗauka sun rabu da alaƙaƙai. Mutanen kwarin kuwa suka ga arziki ya zo musu har gida, suka ja ruwan zuwa gonakinsu. Gonakin da ke shan ruwan nan sun kai wajen hekta 90,000, watau fiye da eka 200,000, ana noma masara da ciyawar shanu, ruwan kuwa da takinsa ya ke zuwa.

Amma fa ba a banza aka samu ba. Likitocin da suka binciki iyalan manoman wurin sun tarar tsutsar ciki ta fi yawa ga 'ya'yansu bisa ga 'ya'yan masu noman damina kaɗai. Gwamnati ta gina wata ƙatuwar matata a Atotonilco, wadda ta fara aiki wajen 2017, don a tsabtace ruwan kafin ya isa gona. Ku ji abin mamaki: manoma da yawa ba su yi murna ba. Suka yi ƙorafi cewa an cire musu takin da ke cikin ruwan, suna kuma tsoron a rage musu shi ko a sa masa kuɗi. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta in mun iso gida.

Yanzu mu dawo Afirka, inda ƙishirwa tsagwaronta ta yi aikin. Winduk, babban birnin Namibiya, yana kan tudu a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Ruwan saman da ya ke samu a shekara wajen milimita 370 ne, bai kai rabin na Kano ba, abin da ya taru a madatsa kuma rana da iska su kan shanye mai yawa daga ciki. Kogin Okabango, wanda ba ya ƙafewa, tafiyar kilomita 700 ce a mota. Da mutane suka yi ta ƙaruwa, rijiyoyi da madatsu suka kasa, sai hukumar garin ta yi abin da ba wani birni a duniya da ya taɓa mai da shi aikin kullum. A 1968 ta buɗe matata a Goreangab wadda ke karɓar ruwan kwatar da aka riga aka tace sau ɗaya, ta sake tace shi, a zuba cikin bututun ruwan sha. A rashin uwa a kan yi uwar ɗaki.

Yadda su ke yi ya isa a tsaya a duba. Da farko sun raba ruwan gidaje da na masana'antu, na masana'antu yana da tasa hanya, ba ya kusantar matatar sha. Sa'an nan ba su dogara ga mataki guda ba. Ana zuba magani mai tattara datti ya taso a kwashe, a bi da ruwan ta cikin yashi, a busa masa iskar ozon mai kashe ƙwayoyin cuta, a bi da shi ta cikin gawayi na musamman, a tura shi ta rariya mai ƙofofin da ido ba ya gani, daga ƙarshe a sa kulorin. In mataki ɗaya ya yi sakaci, na gabansa ya tare. Kuma ba a ba mutane shi zalla, sai an gauraya da na madatsa da na rijiya. Sabuwar matatar da aka buɗe a 2002 tana iya fitar da lita miliyan 21 a yini, watau cikin duro 105,000, wajen rubu'in abin da birnin ke sha ke nan. Shekara fiye da 50 ana yi, ba a taɓa tabbatar da wata annoba da ta taso daga ruwan nan ba. A ganina abin da ya riƙe su shi ne awo: dare da rana ana gwada ruwan, wanda bai cika sharaɗi ba kuwa ba ya shiga bututu.

Kada kuwa a ce sai ƙasar fari. Singafo tsibiri ne a kudu maso gabashin Asiya, ruwan sama na zuba masa fiye da milimita 2,000 a shekara, amma faɗinsa duka wajen murabba'in kilomita 730 ne, mutanensa kuwa wajen miliyan 6. Ruwa na sauka, wurin ajiye shi ne babu. Saboda haka tun zamanin mulkin Ingila a ke jawo ruwa ta bututu daga Johor, a ƙasar Malesiya ta yanzu. Mutanen tsibirin sun ɗanɗana ɗacin wannan a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka karya gadar da bututun ke bi, sojan Japan kuma suka kame tafkunan ajiya. Rashin ruwa na cikin abubuwan da suka sa Turawan Ingila suka miƙa wuya. An ƙulla yarjejeniya biyu da Johor. Ta 1961 ta ƙare a 2011. Ta 1962, wadda ta ba da iznin ɗibar galan miliyan 250 kullum, za ta ƙare a 2061. A 1965 Singafo ta rabu da Malesiya, sai ya zamana maƙogwaronta yana hannun maƙwabci, an kuwa sha yin ja-in-ja a kan farashi. Duk hakimin da ke da ƙauyen da ke shan rijiyar ƙasar wani ya san irin zaman nan.

Don su rage wannan dogaro suka juya ga kwatarsu. Suna tura ruwan da ƙarfin inji ta wata irin rariya wadda ko gishirin da ya narke ba ya ratsa ta, sa'an nan su haska shi da fitila mai kashe ƙwayoyin cuta. Suka sa masa suna NEWater. Ran bikin ƙasa na 2002 aka raba kwalabe 60,000, Firayim Minista Goh Chok Tong ya ɗaga tasa ya sha a gaban jama'a. Yanzu matatun nan za su iya biyan har kashi 40 cikin 100 na bukatar ƙasar. Mafi yawan ruwan masana'antu ke saye, tun ba masu ƙera ƙananan sassan kwamfuta ba, don suna bukatar ruwan da ya fi na sha tsabta. In ruwan sama ya yi jinkiri a kan zuba wani kashi cikin tafkunan ajiya.

A Gabas ta Tsakiya kuwa gari da gona ne ke jayayya a kan ɗan ruwan daɗin da ke akwai. Dabarar da aka yi musaya ce: birni ya sha na daɗi, ya mayar wa manomi da wanda ya yi amfani da shi bayan an tace. Isra'ila ta fi kowa nisa a nan, tana sake amfani da fiye da kashi 85 cikin 100 na ruwan kwatarta, galibi wajen noma. Dokar 1959 ce ta share hanya, da ta ce dukan ruwan ƙasar na jama'a ne, har da na kwata, gwamnati ke rabawa. Sa'an nan masifa ta ƙara musu hankali: a 1970 cutar kwalara ta ɓarke a Birnin Ƙudus, aka bi sawu aka tarar kayan lambun da aka shayar da ɗanyen ruwan kwata ne suka yaɗa ta. Babbar matatarsu, Shafdan, tana karɓar ruwan Tel Abib da garuruwan kewaye, ta tace, ta malala shi a filayen rairayi ya nutse, ya yi watanni a ƙarƙashin ƙasa, kana a jawo shi a tura hamadar Negeb ta bututu, tun 1989. Sun kuma gano wata illa wadda ta shafi kowane mai noman rani. Irin tacewar nan ta kan cire ƙwayar cuta, amma ba ta cire gishiri, gishiri kuwa taruwa ya ke yi a gona. Har sai da suka sa doka a kan abin da masu yin garin sabulu za su zuba a cikinsa.

Maƙwabciyarta Urdun, baƙi ne suka ƙara mata nauyi: 'yan gudun hijira daga Falasɗinu a 1948 da 1967, daga Iraƙi, daga Siriya tun 2011. Mutane na ƙaruwa dare ɗaya, ruwa yana nan yadda ya ke. Tafkunan tacewar da aka haƙa a As-Samra a 1985 don ruwan Amman da Zarƙa, tun ba a je ko'ina ba kaya ya yi musu yawa, sai da aka maye gurbinsu da matatar inji a 2008. Ruwanta na gangarawa madatsar Sarki Talal, daga can ya isa gonakin kwarin Kogin Urdun.

Akwai waɗansu dalilai da zan ratsa da sauri. A gundumar Orange ta Kalifoniya, a Amurka, an yi ta jan ruwan rijiya har na teku ya kutso ta ƙarƙashi ya fara ɓata rijiyoyin. Daga 1976 suka shiga tura tataccen ruwan kwata cikin ƙasa kusa da gaɓa, ya zama katanga mai tare gishiri. A 2023 aikin ya kai wajen lita miliyan 490 a yini. A birnin St. Petersburg na jihar Fulorida doka ce: a 1972 aka hana zuba ruwan kwata a mashigin tekun Tampa sai an yi masa tacewa mai tsada, hukumar gari ta ga gara ta shimfiɗa bututu na biyu ta sayar wa masu ban ruwan ciyawa. A Durban ta Afirka ta Kudu kuwa ciniki ne. A 2001 aka buɗe matata don sayar wa masana'antu ruwa a kan kuɗin da bai kai na famfo ba, ruwan famfon da suka saki ya koma wa unguwanni.

To, ranku ya daɗe, duk wannan lissafi ne, ƙyama kuwa ba ruwanta da lissafi. Garin Toowoomba na Ostareliya ya shiga fari mai tsanani, madatsunsa suka yi ƙasa ƙwarai, hukumar gari ta kawo shawarar a tace ruwan kwata a zuba cikin madatsa. Masu adawa suka ce ai garin zai zama abin ba'a. Aka jefa ƙuri'a a watan Yuli na 2006, wajen kashi 62 cikin 100 suka ce ba su yarda ba. Daga baya sai da aka jawo bututu daga wata madatsa mai nisa, a kan kuɗin da ya ninka na shawarar farko fiye da sau biyu. An kawo wa mutane maganar ne a ƙurarren lokaci. Singafo kuwa gidan nuni ta buɗe, ta yi shekaru tana kai 'yan makaranta suna gani da idonsu.

Kusa da nan, a Birisben, gwamnati ce ta yi gaggawa. Tsoron fari ya sa aka kashe fiye da dalar Ostareliya biliyan 2, aka gama manyan matatu a 2008. Ana gamawa ruwan sama ya dawo, gwamnati ta ce ba za a zuba tataccen ruwan a madatsar sha ba sai ruwan ajiya ya ragu ƙasa da kashi 40 cikin 100, a 2013 kuma aka tsai da aikin aka ajiye injunan.

Mu kuwa akwai tambayar da ta riga ƙyama, ita ce ta tsarki. Ba ni zan koya wa wannan zaure hukuncin ruwa ba. Kun fi ni sanin cewa malamai na duba launi da ɗanɗano da wari. Labari kawai zan kawo. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, bayan ta saurari masana, ta ba da fatawa cewa ruwan da najasa ta ɓata, in aka tace shi har najasar ta gushe, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali, kuma ba ya cutarwa, to, ya tsarkaka. Bayan fatawar nan noma da tataccen ruwa ya yaɗu a ƙasar, har ana shayar da dabino da shi a kewayen Riyad. Ku lura da sharaɗin dai, sai an tace. Fatawar ba ta shafi ruwan lambatu yadda ya fito daga gari ba.

Yanzu mu iso gida. In aka tambaye ku ko muna mai da ruwan kwata gona, kada ku ce a'a. Mun daɗe muna yi, sai dai ba da shiri ba. Duk wanda ya bi rafin Jakara da rani, daga birnin Kano har madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, zai ga lambuna kore shar, latas da alayyafo da kabeji da karas, ruwan da ke cikin rafin a lokacin kuwa abin da gari ya zubar ne. Haka abin ya ke a gefen Zariya da Kaduna, haka a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana. Manoman nan ba sakarkaru ba ne. Kakanninsu ne suka riƙa kwasar sharar birni a kan jakuna suna kai wa gona, sun san ƙazantar gari taki ce. Abin da ya matsa musu shi ne dogon rani, da tsadar takin zamani, ga kasuwa kuma a bakin ƙofa. Watau cikin ƙasashen da na zana, Meksiko ce mu ka fi kama da ita.

Haɗarin iri biyu ne, bai kuwa kamata a cakuɗa su ba. Na ɗaya ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki daga bayan gida, masu kama manomin da ke tsaye cikin ruwan ba takalmi, da mai cin ganyen da ba a dafa ba. Na biyu dafin masana'antu, kamar sinadarin kuromiyam da manyan wuraren jima ke amfani da shi. Rafin Getsi na kawo ruwan Bompai ya zuba cikin Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuma na gangarawa Kogin Challawa, malaman jami'o'inmu sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyen wuraren nan suna samun irin waɗannan ƙarafa. In ganye ya riga ya zuƙe su, wanki ba ya fid da su, dafuwa ba ta kashe su. Maganin shi ne wanda Winduk ta fara da shi, a hana su shiga tun daga ƙofar masana'anta.

Game da na farkon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a 1989: ruwan da za a shayar da abin da a ke ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita, kada kuma ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a ushirin lita. Ƙasashe matalauta da yawa suka kasa cika wannan. A 2006 hukumar ta sake shawara, ta ce a jera kariya iri-iri, kowace ta rage nata. A tace gwargwadon hali. Inda ruwan ya fi muni a shuka itatuwa ko abin da a ke dafawa. A bi da ruwa ta gindin shuka maimakon a watsa a kan ganye, a kuma daina ban ruwa kwana kaɗan kafin a cire kaya, don rana ta kashe abin da ya saura. A kasuwa a wanke da ruwa mai tsabta. Manomi ya sa takalmin roba, a riƙa ba iyalinsa maganin tsutsa.

Tacewar da ta dace da ƙasa mai rana irin tamu kuwa ba ta bukatar lantarki. Jerin tafkuna ne. Ruwa ya shiga na farko, mai ɗan zurfi, datti mai nauyi da ƙwan tsutsa su kwanta, ya tsallaka zuwa marasa zurfi inda hasken rana da gansakuka ke aikinsu, bayan 'yan makonni ya fita. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma ya dafa. Tsadar wannan hanya fili ce, abin da ya faru a As-Samra kuwa ya nuna da garin gobe ya kamata a auna filin. Nan ne maganarku ta ke da nauyi, ranku ya daɗe. Filin da ke gangaren gari, inda ruwa ke zuwa da kansa ba sai an tura shi ba, in ba a keɓe shi tun yanzu ba masu yanka fuloti za su riga mu, in kuwa gidaje suka hau shi ba sauran zaɓi sai matatar inji mai cin lantarki da kayan gyara daga waje.

Saura maganar da na ce ku riƙe. Muddin ruwa na wari, ba mai jayayya da manomi a kansa. Ranar da aka tace shi ya zama abin kuɗi, mai masana'anta zai so, mai babbar gona zai so, hukumar ruwa ma za ta so ta sayar don ta riƙe aikin. Talakan da ya gaji lambu a bakin rafin, wanda ba shi da takarda ko ɗaya mai nuna haƙƙinsa a ruwan, gaban hakimi zai zo ya faɗi. Saboda haka na ke roƙon malamai, tun kafin wani aiki ya zo, a buɗe shafi cikin littafin gunduma don kowane rafi da ke fitowa daga gari. A rubuta sunayen masu lambu a bakinsa, da faɗin abin da kowa ke nomawa, da shekarun da ya yi a wurin, da irin amfanin da ya ke shukawa, da watan da ya ke fara ban ruwa da wanda ya ke dainawa. A rubuta abin da ke zuba cikin rafin daga sama, ko mayanka ce, ko asibiti, ko marina, ko majema, ko masana'anta, da lokacin da ruwan ya kan sake launi. Dagatai da masu unguwa da sarakunan noma su sa hannu, a aika da kofe guda ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, guda kuma ya zauna a ofishin hakimi.